Alu Maɗori da Ƙahwar Surukinai

Dalhatu direba, wanda ke jigilar albasa tsakanin Aliero da Jega, shi yah hwara ba ni labarin wanga abu da likitoci ke sa ma mutum cikin ƙashi, shi zauna can shina ba da magani. Da nij ji, cewa niy yi zancen direbobi na. Sai yac ce in ban yarda ba in tambayi Gwaggo Azumi ta Jiga Makera, don ƙanenta Alu Maɗori ya riƙa abin da hannunai. Na kau tambaye ta, kuma inda Dalhatu yat tsallake ita tac cike. To rubuta, Bushira, kar ki gyara man magana.

Alu ɗan Jiga Makera na, nan kusa da Jiga Birni, kuma gidansu gidan ɗori na tun kaka da kakanni. Kin san ƙasarmu ta Aliero, in anka ce karaya, ko daga nesa nan ake nuno ma mutum. Shi dai Alu ba shi cikin manyan da sunansu yay yi nisa. Manomi na awa kowa, gero da dawa da damina, albasa da rani, ɗori kau in Allah ya kawo. Gajere na, mai hwaɗin ƙirji, ba shi da yawan dariya amma ba shi da hushi. Ubanai bai bar shi shi taɓa ƙashin ɗan Adam ba sai da yay yi shekara bakwai shina ɗora ma awaki da tumaki. Abin da tsohon yah hi nanata mashi kau guda na: a tambayi baki kahin a tambayi ƙashi.

Alu ya riƙe wagga magana har tana ba mutane haushi. In anka kawo mutum shina nishi, dangi na ta roƙon a yi sauri, shi sai shi sa a kawo ruwa, shi zauna gaban mutumin bisa tabarma, shi dube shi ido da ido, shi ce ƙaƙa anka yi. In anka hwaɗa mashi, shi sake tambaya ta wata hanya. Akwai wani mahauci na Jega da yar rantse daga babur yah hwaɗo. Alu yat tambaye shi wa ke tuƙi, ina anka nuhwa, ta wane gehe yak kwanta, mi yah hana gwiwar hannunai ƙujewa, har mutumin yag gaji yac ce sa na yah harbe shi gaban yaranai. Alu yac ce to yanzu an yi magana, don ƙashin da sa yah harba daban shike karyewa da wanda kwalta tak karya.

Sai bayan nan hannu ke aiki. Shi shahwa man shanu, shi bi ƙashin da yatsa tun daga inda shike lahiya har inda yar rabu, shi sa ƙarhwahwa biyu su riƙe, shi ja, shi daidaita. Shi kawo karan dawa da yas saƙa awa ɗan asabari shi naɗe, shi ɗaure da tsumma, shi yi tohi. Kuma gidansu suna da wata al'ada da sunka gada. Dangin mai karaya su za su zo da zakara, in mace ta su zo da kaza. Alu shi karya ƙahwar zakaran ta gehen da ta mutumin tak karye, shi ɗora mashi da tsinke, shi kihe shi da kwando bakin ƙohwar ɗakin. Ran da zakara yas sa ƙahwa ƙasa yat taka, daga ran nan Alu ke ƙirga kwana ashirin shi kwance ma mutum. Shekara arba'in shina haka, kuma cewa shike zakara bai taɓa yi mashi ƙarya ba.

To, ɗiyatai ta hwari sunanta Dije, amma bakin Alu bai taɓa hurta sunan ba, don ɗiyar hwari ta. Tun daga yaye anka ba yayatai Azumi riƙonta, wadda garin dut ke ce ma Gwaggo. Da anka aurad da ita ga Salihu, wani manomin albasa na Gumbin Kure, sai taz zama ta Gumbi a bakin ubanta, mijinta kau mutumin Gumbi. Shekara goma sha ɗaya da ɗiya huɗu, maganar da tash shiga tsakanin Alu da Salihu ba ta wuce gaisuwa ba. Salihu shi tuɓe takalmi tun daga waje, shi durƙusa can nesa shina kallon ƙasa. Alu shi amsa shina kallon bango. An ce sun taɓa yin kiciɓis wurin mai hura a kasuwar Jega, kowa yab bar ƙwaryatai cike yay yi nashi wuri. Mutane na yabon su bisa haka, suna cewa ga surukai na kirki da sunka san kunya, ba irin na yanzu da ke zama benci guda suna kallon waya guda ba.

Wata shekara, lokacin cire albasa, zahi ya kai inda yak kai, sai ga Dalhatu ya tsaya ƙohwar gidan Alu da mota. Salihu na kwance baya, Dije na riƙe da kainai, ƙanenai na riƙe da zakara. Waɗanda sunka rako shi sunka ce buhun albasa na yah hwaɗa mashi shina sauke kaya daga rudu, inda ake aje albasa ta sha iska. Ƙahwar dama ta, cinya, ɗan bisa ga gwiwa kaɗan.

Alu yah hito yag ga ko wa anka kawo, yat tsaya awa wanda anka kahe. Da wani na, da tuni an shimhiɗa tabarma an hwara tambaya. Amma ƙaƙa mutum za shi zauna gwiwa da gwiwa da mijin ɗiyatai ta hwari, shi ƙura mashi ido, shi yi ta juya shi da magana? Ita ma ɗiyar ba ta tsayawa gabanai. Sai yad dubi ƙanen Salihu yac ce buhu na? Yaron yac ce buhu na, don haka shi ma yaj ji ana hwaɗi. Iyakar tambayar da anka yi ke nan.

Anka kai Salihu ɗakin baƙi. Yaj ja mayahi yar ruhe huska, Alu kau yak kau da kai gehe, yab bar hannu shi yi gani. Hannun kau ya gani. Wurin na da zahi awa tukunyar da anka sauke yanzu, kumburin ba sabo na ba, ya yi tauri ta gehe guda, kuma da yad danna sai yaj ji wani ɗan ƙas-ƙas ƙarƙashin yatsanai awa ɓawon ƙwai. Bakin ƙashin da yak karye ba shi da kaihi irin na karayar buhu. Alu ya ji dut wannan. Zuciyatai tac ce mashi tambaya, bakinai yaƙ ƙi buɗewa. Yaj ja, yad daidaita, yan naɗa kara, yay yi tohi, yah hita yak karya ƙahwar zakara ta dama.

Kullum da hantsi shikan zo shi tsaya bayan asabarin ƙohwa, ba shi shiga. Shi yi gyaran murya shi ce an tashi lahiya. Daga ciki a ce lahiya lau, Baba. Shi ce da sauƙi dai. A ce da sauƙi, Baba. Shi ɗaga kwando shi duba zakara, shi wuce. Ran sha tara zakara yat taka. Alu yaƙ ƙirga ashirin ɗinai, yash shiga da kai a kauce, yak kwance kara. Ƙashin na motsi awa ran hwarko, kumburin kau ya ƙaru har hwatar wurin na ƙyalli.

Bai taɓa ganin zakara ya warke mutum bai warke ba. Sai yaɗ ɗora laihin bisa kainai, yac ce kunya ta hana shi ja da ƙarhi ran hwarko. Yas sa anka samo wani zakaran, yas sake ja, yas sake ɗaurewa. Dalhatu yac ce shina cikin masu riƙo ran nan, kuma Salihu ya ciji mayahi har yah huda shi, amma bai bari ko nishi ya hita gaban surukinai ba.

Gwaggo Azumi ita ta wuce shekarun da ake jin kunyar kowa. Tana kawo kunu kullum, tana ganin Salihu na ramewa, Dije na shanya tsumma tana sharar ido da gehen zane. Wata rana taj ja ta bayan rumbu tat tsare ta. Nan Dije tah hwaɗi komi. Tun lokacin shuka Salihu ke ɗingishi, gwiwar na kumbura tana sacewa, shina cewa sanyi na. Ran da abin yah hwaru kau buhun ko cika bai yi ba, kuma bai hwaɗa mashi ba. Juyawa kawai yay yi da shi a kahwaɗa, ƙahwar tay yi ƙara. Gwaggo tac ce to mi yah hana ki hwaɗi. Dije tac ce ita ta tsaya gaban Baba ta ce mashi mi, shi da ko sunanta ba shi kira.

Gwaggo tat tarad da Alu cikin zaure shina here kara.

"Alu, zakaranka ya warke?"

"Ya warke, Yaya."

"Na biyun hwa?"

"Shi ma ya hwara sa ƙahwa."

"To madalla. Sai a kwance auren Dije a ɗaura da zakara, tun da shi ke da ƙahwa."

Alu yab bar wuƙa. Taz zauna ba a ba ta wuri ba, tak kwashe abin da Dije tah hwaɗa mata tas sauke mashi. Tac ce baƙon da bai san ko daga ina yah hito ba shikan tsare shi da tambaya har shi yi zuhwa, amma uban jikokinai ya ɗaure shi awa damin gero bai ce mashi uhum ba. Tac ce in kunya ke ɗora ƙashi, da tuni yaron ga na gudu.

Abin da yat taso ma Alu wata magana ta ta ubanai, wadda yay yi shekaru bai tuna ba. Tsohon ya taɓa ce mashi akwai ƙashin da ke karya kainai, ba a buge shi ba, ba a hwaɗa mashi ba, kuma in yag ga irin wannan shi janye hannu, don ba na gidansu na ba. Sau biyu tsohon yag gani a rayuwatai, kuma dut biyun ba su tashi ba.

Yam miƙe yan nuhi ɗakin baƙi. Bai tsaya bayan asabari ba. Yash shiga, yaz zauna ƙasa dab da shimhiɗa. Salihu yay yi wuf za shi juya ma bango, yaj jawo mayahi. Alu yar riƙe mayahin.

"Salihu. Dube ni."

Dije na bakin ƙohwa da ƙwarya, daga baya tac ce ma Gwaggo da taj ji sunan mijinta ya hito bakin ubanta sai da ƙwaryar tak kusa suɓuce mata.

"Yaushe ƙahwar ga tah hwara ciwo?"

"Tun shuka, Baba."

"Buhu yah hwaɗa maka?"

"A'a, Baba. Ita tar riga karyewa, sannan nih hwaɗi."

"Kwana sittin ina ce maka da sauƙi, kana ce man da sauƙi."

Salihu yac ce, "Hannunka na, Baba. Ba ni iya cewa babu."

Ran nan Alu yak kwance karan da kainai, ya aika anka kira Dalhatu, yac ce gobe da sahe Sakkwato, babban asibiti. Ki gane nauyin wagga magana. Mu nan abin da munka saba gani shi na a sato mutum daga gadon asibiti a kawo ma maɗori, don tsoron a yanke mashi ƙahwa. Maɗori shi ɗauki majinyacinai shi kai asibiti da ƙahwatai, wannan ba a san shi ba. Wani abokin sana'atai yat tare shi bakin masallaci yac ce Alu, hanya ta juya na, ko ruwa ya koma gudu bisa tudu? Alu yac ce ya juya. Shi kanshi Salihu bai so ba. Yac ce ma Dije gara shi mutu da ƙahwatai biyu, don manomin albasa mai ƙahwa guda wa za shi bi mashi ruwa hwangali-hwangali? Alu yaj ji, yal leƙo yac ce in likitoci za su yanke sai sun hwaɗa mashi dalili shina kallon idonsu, kuma ba za shi matsa daga wurin ba.

Dalhatu yac cire kujerar baya anka shimhiɗa katihwa. Tun daga Aliero har sunka wuce Tambuwal Alu na zaune ƙasan mota, ya rungume ƙahwar bisa cinyatai don kar rami shi girgiza ta. Shi da bai taɓa cin abinci gaban Salihu ba.

Likitan ƙashi da sunka samu sunanai Zaharaddeen, yaro na, ba za shi girmi Salihu ba. Yab buɗe ƙahwar yag ga sawun kara layi-layi bisa hwata, huskatai tac canza, yac ce wane maɗori yar riƙe mutumin ga wata biyu. Dalhatu yad dubi ƙasa. Alu yac ce, "Ni na." Likita yad dube shi, yad dubi hurhuratai, yas sassauta murya yac ce a je a ɗauko hoton ƙashi.

Da hoton yaz zo yaɗ ɗaga shi ga haske, yak kira Alu kusa. Alu bai taɓa ganin ƙashin mai rai da ido ba, sai da yatsa. Yag ga cinya ta sauko hwara tas awa alli, amma dab da gwiwa ta buɗe ta yi kogo, bangonta siriri awa duman da anka ƙwaƙule. Likita yac ce ƙari na yat tsiro cikin ƙashin shina cin shi daga ciki, yadda gara ke cin azara, waje lahiya ciki hwanko. Yac ce ɗorin ya miƙe, ba a karkace ba, amma babu ƙashin da za shi kama ɗan uwanai a wurin. Sunka ɗebi ɗan kaɗan daga ƙarin sunka kai awo, anka yi kwanaki ana jira. Da sakamako yah hito yac ce an yi sa'a, ba irin ciwon dajin nan na ba mai saurin bin jiki, amma irin mai naci na, in anka bar ko ɗan ɓurɓushi shina iya dawowa. Kuma da an yi ɗori na uku, da babu sauran zance sai yankewa. Yanzu akwai abin da za su gwada.

Yaj jawo aljihun tebur yaɗ ɗauko wani ɗan abu yas sa ma Alu a tahin hannu. Hwari na, bai kai ƙwallon dabino ba, ba shi da nauyi, jikinai dut ƙananan ramu awa saƙar zuma. Yac ce za su buɗe ƙashin su kwashe ƙarin su kankare bangon tas, sannan su cika kogon da irin wanga abu, su kawo ƙarhe su ɗahe ƙashin ta gehe da kusoshi. Cikin ramun nan akwai magani, kuma ba lokaci guda shike hita ba, tsatsa shike a hankali yadda sabuwar randa ke tsatsar ruwa, shina tsare wurin kar shi ruɓe, shina kuma takura ma abin da yar rage na ƙarin. Sabon ƙashi kau shi bi ramun shi hau, awa yadda kabewa ke hawan rumhwa.

Alu yaj juya abin, yad danna shi da akaihwa, yas sunsuna, yat taɓa shi da harshe. Wata ma'aikaciya da ke tsaye tar ruhe baki da hannu. Sannan yat tambayi abin da kowane maɗori za shi tambaya, yac ce kwana nawa za a kwance. Likita yac ce ba a kwancewa. In ƙashi ya gama hawa, jiki na cinye abin kaɗan-kaɗan har a neme shi a rasa.

Alu yad daɗe shina kallon tahin hannunai. Dalhatu yac ce daga baya cikin mota Alu ya hwaɗa mashi abin da yay yi tunani: shekara arba'in shina shahwa magani bisa hwata shina roƙon Allah shi kai shi ga ƙashi, ga wasu sun samu hanyar aje shi can ciki su ruhe. Amma gaban likita abin da yac ce kawai shi na, "To ku kuna da tohi?"

Likita yay yi dariya yac ce, "Wannan mun bar muku, Baba. Gobe kahin mu shiga da shi ka zo ka yi naka."

Haka kau anka yi. Da sahe Alu yaɗ ɗora hannu bisa gwiwar yak karanta abin da ubanai yak koya mashi, ma'aikata na tsaye suna jira, sannan anka tura gadon. Yah hita yaz zauna gindin wani dogon yaro, goro na aljihu bai taɓa shi ba, har azahar tay yi. Da anka turo Salihu shina barci, Dije tan nuhi wajen kai, Alu kau yan nuhi wajen ƙahwa. Yaɗ ɗaga mayahi yag ga tahin ƙahwa biyu. Yat taɓa babban yatsan ta dama yaj ji ɗumi. Sai yas saki mayahin yaj juya ma mutane baya.

Zakarun nan biyu, da anka sallamo Salihu, Gwaggo tas sa anka yanka su tay yi mashi romo. Tac ce tun da sun riga shi tashi, to su shiga cikinai su nuna ma ƙahwar hanya.

Warkewar ba ta yi sauri ba. Wata uku bai taka ba, sannan sanduna biyu, sannan guda. Dut wata uku ana komawa hoto, kuma Alu bai taɓa hwashi ba. Har ya iya kallon hoton. Shi nuna da yatsa shi ce nan ramun sun hwara toshewa, nan da saura, likita shi ce Baba ka kusa ƙwace man aiki. Gida kau bai bar ɗori ba, bai bar zakara ba, amma ya ƙara tambaya guda bisa tambayoyinai: kahin ta karye tana ciwo? Mutum biyu sunka ce mashi e cikin shekarun nan, kuma dut biyun bai taɓa su ba, yas sa su motar Dalhatu.

Shekara ta biyu Salihu yay yad da sanda, yak koma hwadama shina jan tiyon ban ruwa. Ɗan ɗingishi kaɗan yar rage, sai wanda yas sani ke gani. Ran hoton da anka yi bayan nan, likita yaz zaunad da su yac ce kar lahiyar ga ta ruɗe su. Irin wanga ƙari in za shi dawo, cikin 'yan shekarun hwarko shike dawowa, kuma ba shi sallama, sai ya yi ɓarna a ji ciwo. In anka gan shi da wuri abu kaɗan na. Don haka dut wata shida a zo, ko da Salihu na tsere da doki. Yar rubuta ranar bisa takarda yab ba Alu, don ya ga shi ke riƙe zancen.

To amma da ƙahwa tas samu, kunya ma tas samu. Salihu yak koma tuɓe takalmi daga waje, Alu yak koma kallon bango, sunan Salihu yas sake ɓacewa bakinai. Zuwa na hwarko an je, likita yas sake rubuta wata ranar bisa takardar. Na biyu yaz zo daidai da dashen albasa, Salihu yac ce ma Dije a bari a gama dashe. Alu ya aika ma ta Gumbi ta hwaɗa ma mutumin Gumbi rana ta wuce. Amsa tad dawo cewa in Allah ya so bayan an sa taki. Yas sake aikawa, anka ce ana gaishe da Baba, ƙahwa lahiya lau, da sauƙi ƙwarai.

Gwaggo tac ce tana zaune sa'ad da anka kawo wanga saƙo. Alu da kainai yam maimaita, da sauƙi, yag girgiza kai. Yas sa anka kira mashi Dalhatu a waya. Yac ce ran Asabar shi taho da wuri, ba aike za a yi ba, shi za shi tahi Gumbin Kure da ƙahwatai, shi shiga hwadamar shi kamo hannun Salihu gaban kowa, in ya so garin dut su ce Alu ya zubad da kunya. Daga nan su wuce Sakkwato. Yaɗ ɗauko takardar likita yas sa aljihun rigar da za shi sa, yar rataye rigar ga ƙusa.

Ran Alhamis da la'asar shina zaure shina saƙa kara, sai hannunai na dama yas saki. Kahin a kai shi ɗaki magana ta ɗauke. Ran Juma'a da hantsi Allah yay yi mashi cikawa. Cikin waɗanda sunka ɗauki makara har da Salihu, ya sa kahwaɗa tun daga ƙohwar gida har maƙabarta, an yi an yi shi ba wani yaƙ ƙi.

Dalhatu ya zo ran Asabar awa yadda anka yi da shi, sai dai gaisuwa yaz zo. Gwaggo tas sauko da rigar daga ƙusa, tal lalubo takardar tam miƙa mashi, tac ce kai yah hwaɗa ma, ni ban da mota. Takardar na nan cikin motatai, ya soke ta bisa gilashi inda shike aje lasisi. Ranar da ke jikinta ta wuce da wata biyat. Sau biyu shina ratsawa Gumbin Kure, shi tarad da Salihu cikin ruwa har idon sawu, Salihu shi hito shi gaishe shi, shi dubi takardar, idonai shi ciko, shi ce bari dai a gama cire albasa. Ƙahwar na ɗauke da shi, amma tun bara babu wanda yal leƙa cikinta.